Me Ya Hana A Kama C? Zancen DNA, Kwafinsa da Harafin Sikila

Ummi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a taimaka min. A aji an koya mana cewa a cikin DNA, A yana haɗuwa da T, G kuma da C. Na haddace, amma da na tambayi dalili sai aka ce in riƙe kawai, abin da jarrabawa take so ke nan. Ni kuwa abin da ban gane ba ba ya zama a kaina. Me ya hana A kama C? Sannan da ake cewa DNA yana kwafar kansa, ta yaya abin da ba ido ba hannu zai yi kwafi?

Malamin Bayoloji:
Wa alaikumus salam Ummi. Allah ya yi miki albarka da kika ƙi hadda babu fahimta. Tambayoyin nan naki biyu ai guda ce, in kin samu amsar ta farko, ta biyu za ta biyo ki da kanta.

Ki ɗauka tsani ne aka kama kansa da ƙafarsa aka murɗa. Sandunan gefe biyu da sukari da fosfet aka jera su, sukari, fosfet, sukari, fosfet, har ƙarshe, babu wani labari a jikinsu. Labarin yana cikin matakalai. Kowace matakala rabi biyu ce, rabi ya fito daga wannan sanda, rabi daga waccan, suka haɗu a tsakiya. Kowane rabi shi ne harafi ɗaya: adenin (A), taimin (T), guwanin (G) ko saitosin (C).

To haruffan nan ba girmansu ɗaya ba. A da G manya ne, kowanne zobe biyu gare shi. C da T ƙanana ne, zobe ɗaya ɗaya. Faɗin tsanin kuwa daga sama har ƙasa bai canjawa, nanomita 2 ne (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Manya biyu ba za su shiga wurin ba, ƙanana biyu kuma ba za su kai ga juna ba. Dole babba da ƙarami. Wannan ya rage wa A zaɓi biyu, ko T ko C. Abin da ya raba gardama shi ne bakin kowane harafi: akwai gurbin da ke miƙa haidurojin, akwai gurbin da ke karɓa. In A ya fuskanci T, gurabe biyu suna dacewa, mai miƙawa a gaban mai karɓa. In G ya fuskanci C, uku ne suke dacewa. Amma ki jera A da C, sai mai miƙawa ya tarar da mai miƙawa, mai karɓa ya tarar da mai karɓa. Babu abin da zai kama.

Ummi:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, wannan ya shiga. Saura kwafin.

Malamin Bayoloji:
Ke za ki yi shi. An tsaga tsanin gida biyu ta tsakiyar matakalai, an ba ki ɓari ɗaya, an ɓoye ɗayan. Naki yana cewa A T G G C A T. Me ɓoyayyen yake cewa?

Ummi:
T A C C G T A.

Malamin Bayoloji:
Wa ya nuna miki?

Ummi:
Babu kowa Malam, ai babu wani abin da zai iya zama a wurin sai su. Ikon Allah! Ashe kowane ɓari yana ɗauke da labarin ɗan'uwansa.

Malamin Bayoloji:
Shi ke nan. Ƙwayar halitta ba ta buƙatar ido. Tana buɗe zaren biyu, wato ɓari biyun tsanin nan, haruffa sakakku da ke yawo a cikinta suna zuwa, wanda ya dace da gurbi ya zauna, wanda bai dace ba ya wuce. A ƙarshe tsani ɗaya ya zama biyu, kowanne rabinsa tsoho rabinsa sabo.

Injiniya:
Malam, ni a nan nake da ja. A iya sanina haɗin haidurojin haɗi ne mai rauni ƙwarai. Ta yaya za a ce abin da ke riƙe da gadon ɗan Adam tun kaka da kakanni an ɗaure shi da ɗauri mafi rauni? Ni da zan tsara, da ɗauri mai ƙarfi zan sa.

Malamar Kemistiri:
Injiniya, da ka sa mai ƙarfi da babu mai iya buɗewa, abin da ba ya buɗuwa kuma ba ya karantuwa balle ya kwafu. Ka lura da inda ƙarfin yake da inda raunin yake. Jerin haruffa a kan zare guda, wato wane ne ke bin wane, ɗauri mai ƙarfi ne ya riƙe shi ta sukari da fosfet, shi ya sa saƙon ba ya wargajewa. Tsakanin zare da zare ne ɗaurin yake da sauƙin kwancewa. Kuma ko shi ɗin, guda ɗaya ne mai rauni, amma miliyoyi ne a jere. Wani abin da littattafan sakandare ba su cika faɗa ba shi ne, haruffan shimfiɗaɗɗu ne, suna kwance ɗaya a kan ɗaya da tazarar nanomita 0.34, kuma wannan jibgewar tana ba da babban kaso na ƙarfin da ke riƙe DNA. Kusan matakala 10 ke cika murɗa ɗaya.

Ɗan Lab:
Maganar Malama da idona nake ganinta a wurin aiki. Injin PCR, wanda kowa ya ji sunansa lokacin korona a 2020, ba abin da yake fara yi sai dafa DNA zuwa kusan digiri 95. Zaren biyu sai su rabu, amma babu wanda ya tsinke. Ana rage zafi sai haruffa su koma neman abokan haɗinsu. Kuma yankin da G da C suka yi yawa ya fi taurin kai wajen rabuwa fiye da mai yawan A da T. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ta fi damunmu, falsifarom, kusan kashi 80 cikin 100 na haruffanta A da T ne.

Ummi, wani abu kuma da za ki buƙata a gaba: zaren biyu ba hanya ɗaya suke fuskanta ba. Kowane zare yana da kai biyu, ana kiran ɗaya 5, ɗayan 3, daga lambobin da aka ba kabon ɗin jikin sukarin. In wannan ya tafi daga 5 zuwa 3, abokinsa daga 3 zuwa 5 yake. Ki riƙe wannan, don duk wahalar kwafin daga nan ta taso.

Malamar Kemistiri:
Kafin a wuce, tunda yarinya mace ce ta yi tambaya, ina so ta san sunan Rosalind Franklin. Ana koya wa yara Watson da Crick, 1953, a rufe littafi. Alhali hoton da ya nuna murɗewar DNA ƙarara, wanda ake kira hoto na 51, a ɗakin bincikenta na King's College a Landan aka ɗauke shi a watan Mayun 1952, ita da ɗalibinta Raymond Gosling. Maurice Wilkins ya nuna wa Watson hoton a farkon 1953 ba da saninta ba. Sannan rahoton da ke ɗauke da ma'aunanta ya isa hannun Crick ta hannun Max Perutz. Aka ba su kyautar Nobel a 1962, su uku, Watson da Crick da Wilkins, babu ita. Ni wannan abu yana min ciwo har yau.

Malamin Bayoloji:
Malama, ciwon nan da gaskiyarki, ba a kyauta mata ba wajen ambaton gudummawarta. Amma batun kyautar a faɗe shi yadda yake. Ta rasu a watan Afrilun 1958 tana da shekara 37, sankarar ƙwan mahaifa ce ajalinta, kyautar kuma ba a zaɓar wanda ya riga ya rasu. Sannan a fitowar mujallar Nature ta 25 ga Afrilun 1953 da ta ɗauko takardar Watson da Crick, takardarta ita da Gosling tana ciki.

Malamar Kemistiri:
Tana ciki, amma a bayan tasu aka sa ta, mai karatu sai ya ɗauka aikinta ya zo ne ya gaskata nasu, alhali a kan ma'aunanta suka gina. Wannan shi ne abin da nake cewa.

Malamin Bayoloji:
Wannan na yarda. Abin da ban yarda ba shi ne masu cewa su biyun ba su yi komai ba sai ɗauka. Haɗa A da T, G da C, hoton bai nuna shi ba. Erwin Chargaff tun wajen 1950 ya auna ya ga a DNA na kowace halitta yawan A daidai yake da na T, na G daidai da na C, amma bai gano abin da lissafin yake nufi ba. Su ne suka zauna da yankakkun kwalaye a Kambirij ta Ingila suna gwadawa. Nan ma sai da Jerry Donohue, wanda suke ofis ɗaya, ya gaya musu siffar G da T da suka ɗauko daga littattafai ba ita ce daidai ba. Da aka gyara ne A da T suka zauna da faɗi ɗaya da G da C. Aikin hannu da yawa ne. In za a koma baya ma, Friedrich Miescher ne ya fara tsamo sinadarin a 1869 a Jamus, daga mugunyar bandejin marasa lafiya.

Malamar Kemistiri:
Hannu da yawa, amma hannu ɗaya aka ɓoye. Na bar ta a nan.

Injiniya:
Ni in koma kan kwafin. Cewa kowane sabon DNA rabinsa tsoho rabinsa sabo, ya yi daɗin ji, amma wa ya gani? Me ya hana tsohon ya zauna yadda yake, a ƙera sabo fil a gefe?

Malamin Bayoloji:
Madalla, irin tambayar da masana suka yi ke nan a lokacin, kuma ba su yarda ba sai da aka gwada. Matthew Meselson da Franklin Stahl suka yi gwajin a Caltech ta Amurka, suka wallafa a 1958. Ni dai a duk gwaje-gwajen da nake koyarwa babu wanda nake jin daɗinsa kamar wannan.

Haruffan DNA duk suna ɗauke da naitirojin. Akwai naitirojin na yau da kullum, mai lamba 14, akwai mai ɗan nauyi, mai lamba 15. Suka rena bakteriyar E. coli a abinci mai naitirojin 15 har duk DNA ɗinta ya zama mai nauyi. Sai suka mayar da ita abinci mai 14. Daga nan duk zaren da za a gina sabo marar nauyi ne. Suka riƙa ɗibar DNA suna juya shi da gudu mai tsanani a ruwan gishirin siziyom, inda mai nauyi yake tsayawa ƙasa, marar nauyi sama.

Da maganarka ce daidai, bayan rabuwa ɗaya layi biyu za a gani, tsoho a ƙasa, sabo a sama. Sai aka ga layi ɗaya tak, a tsakiya. Bayan rabuwa ta biyu aka ga layi biyu, ɗaya a tsakiya ɗaya a sama, yawansu daidai. Ka zana a takarda ka gani, babu bayanin da ke haifar da wannan sai na zare tsoho haɗe da zare sabo. Masu cewa gutsi-gutsi ake cakuɗa tsoho da sabo su ma rabuwa ta biyu ce ta kayar da su, don da haka ne da layi ɗaya za a ci gaba da gani yana hawa sama a hankali.

Injiniya:
Na zana. Ta zauna. Amma ga wata: abu a murɗe, in ka ja zarensa biyu ka raba, gaba ai ƙara ƙullewa zai yi.

Mai Kemis:
Ranka ya daɗe, wannan ƙullin da kake magana shi nake sayarwa maganinsa kullum, ko in ce maganin da ke hana a kwance shi. Enzayim, wato furotin mai gudanar da aiki a cikin ƙwayar halitta, wanda ake kira helikes shi ke gaba yana buɗe zaren, gaba kuma tana ƙara murɗewa kamar yadda ka ce. Sai wasu enzayim, tofo'aisomares, su yanka DNA ɗin, su sassauta murɗar, su sake haɗewa. Na bakteriya ana kiran ɗaya daga cikinsu jaires. Sifurofulokzasin, wato sifuro da ake ba masu taifod, a nan yake kama bakteriya: yana barin enzayim ya yanka, ya hana shi haɗewa. DNA ɗinta ya kakkarye, ta mutu. Namu enzayim ɗin siffarsa ta bambanta, shi ya sa maganin ya fi kama nata. Kuma shi ya sa nake faɗa da masu zuwa su sayi ƙwaya biyu su sha su daina, don bakteriyar da harafi ya canja mata a wannan enzayim ita ke tsira ta hayayyafa, maganin ya daina ci.

Ummi:
Yaya Ɗan Lab, ka ce in riƙe 5 da 3. Na riƙe, ina wahalar?

Ɗan Lab:
Ga ta. Enzayim mai ginin shi ne folimares, wanda Arthur Kornberg ya fara ganowa a 1956. Yana da sharuɗɗa biyu da ba ya karyawa. Na farko, ba ya fara zare daga babu, sai wani enzayim, firaimes, ya ajiye masa ɗan guntun RNA, wani zare ɗan'uwan DNA, ya ɗora a kai. Na biyu, a kan 3 kawai yake ƙara harafi, wato sabon zare daga 5 zuwa 3 yake tsawo, ba ya komawa ta baya.

To helikes yana buɗewa yana tafiya gaba. A zare ɗaya, hanyar da folimares yake so ita ce hanyar da ake buɗewa, sai ya bi bayan helikes ba tsayawa. A ɗaya zaren kuwa, tunda a juye yake, hanyar gininsa baya take kallo. Sai ya jira a buɗe wani yanki, a ajiye masa RNA, ya gina yana nesa da wurin buɗewar har ya ci karo da guntun da ya gabata, ya saki, ya dawo sabon wurin da aka buɗe, a sake. Guntu-guntu ke nan. Daga baya a cire RNA ɗin, a cike gurbinsa da DNA, wani enzayim mai suna laiges ya liƙe gaɓoɓin. Guntayen nan a bakteriya harafi 1,000 zuwa 2,000 ne, a jikinmu 100 zuwa 200. Sunan Okazaki suke ɗauke da shi, Reiji Okazaki da matarsa Tsuneko, a Jami'ar Nagoya ta Japan, wajen 1968. Malama, ga wata macen kuma.

Malamar Kemistiri:
Na san da ita. Mijin ya rasu a 1975 da sankarar jini, ita ta ci gaba da aikin shekaru da yawa.

Mai Kemis:
Kuma kada Ummi ta ɗauka wannan kan na 3 zancen jarrabawa ne kawai. A wurin akwai ɗan hannu na oksijin da haidurojin, shi harafi na gaba yake kamawa. Maganin farko da aka amince da shi na cutar HIV a 1987, AZT, kama yake da T sak, sai dai ba shi da wannan hannun. Enzayim ɗin ƙwayar cutar ya ɗauke shi a matsayin T ya sa a zare, daga nan gini ya tsaya, don babu inda na gaba zai kama. Tenofobir da lamibudin da ke cikin ƙwayar da ake ba masu cutar a asibitocinmu yau, su ma haka suke aiki.

Injiniya:
Bari in yi lissafi. Na ga E. coli tana da haruffa kusan miliyan 4.6, folimares ɗinta yana sa kimanin 1,000 a daƙiƙa, ana kuma ginawa ta ɓangare biyu lokaci ɗaya. Daƙiƙa 2,300 ke nan, kusan minti 40. To mu fa? An ce namu wajen 50 yake yi a daƙiƙa. Kuromosom na 1, wato mafi tsawo cikin ƙunshin DNA ɗinmu, shi kaɗai ya kusa haruffa miliyan 250. Ko ta ɓangare biyu, kusan wata guda ke nan. Lissafin bai fita ba.

Malamin Bayoloji:
Zai fita in ka san cewa bakteriya daga wuri ɗaya take farawa, mu kuwa daga dubban wurare lokaci guda, a kan kuromosom 46. Kowane wuri ya buɗe ya yi gaba da baya har ya haɗu da maƙwabcinsa. Cikin kimanin awa 8 an gama haruffa wajen biliyan 6, wato biliyan 3 daga uwa, biliyan 3 daga uba. Duk wannan zaren, in aka miƙe shi ya kai mita 2, a cikin cibiyar ƙwayar halitta guda yake.

Baban Khalifa:
Ina ta bin ku shiru. Malam, tunda kun ce kullum jiki yana sake kwafar abin nan, ke nan yana iya canjawa. Akwai ɗan ƙanina da aka gwada shi aka ce AS ne, yarinyar da yake nema ma AS. Wani mai magani ya ba shi jiƙo ya sha, ya koma wani ɗakin gwajin aka ce AA. Yanzu ana shirin ɗaurin aure. Ni na ga takardun biyu da idona. Me za ku ce?

Anti Nas:
Innalillahi. Alhaji, don girman Allah kada a ɗaura sai an sake gwaji a wuri mai inganci. Ɗaya daga cikin takardun nan biyu kuskure ce, jiƙo ba ya taɓa wannan abu.

Baban Khalifa:
Hajiya, ai yanzu Malam ya ce ana kwafi kullum. Kwafi kuwa ba ya rasa kuskure. Kuma babu abin da ya fi ƙarfin Allah.

Malamin Bayoloji:
Babu shakka Alhaji, babu abin da ya fi ƙarfinsa, kuma wannan tsarin da muke magana shi ya halicce shi. Bari in gaya maka yadda kuskuren yake. Folimares yana sa harafin da bai dace ba kamar sau ɗaya cikin 100,000. Amma yana duba bayansa, in matakalar ba ta zauna daidai ba sai ya koma ya cire ya sake, kuskure ya ragu zuwa kamar ɗaya cikin miliyan 10. Bayansa kuma wasu enzayim suna bi suna gyara abin da ya tsere, har ya koma wajen ɗaya cikin biliyan ko ƙasa da haka. Masu binciken gyaran DNA ne suka ci Nobel ta kemistiri a 2015, Lindahl da Modrich da Sancar.

Ɗan kuskuren da ya rage, a ƙwaya ɗaya yake faɗawa, a wurin da babu wanda ya zaɓa. Sikila kuwa harafi ɗaya ne a wuri sananne, a ƙwayar gadon himogulobin, furotin mai ɗaukar oksijin a cikin jini, da ke kan kuromosom na 11. Inda yawancin mutane suke da GAG, mai S yana da GTG. A ya zama T. Wannan ya sa a gurbi na 6 na furotin ɗin aka sa tubalin da ake kira balin maimakon wanda ake kira gulutamik asid, shi ke sa himogulobin ya dunƙule idan oksijin ya yi ƙasa, ƙwayar jini ta lanƙwashe ta toshe ƙananan jijiyoyi. Yaron nan tun ranar da aka ɗauki cikinsa yake da wannan T ɗin a ƙwaya ta farko, kuma duk ƙwayar da ta biyo baya an kwafa mata shi. Enzayim masu gyara ba sa ganinsa a matsayin kuskure, domin T ɗin yana zaune da A ɗinsa a ɗaya zaren, matakala lafiya lau. Su dacewa suke dubawa, ba ma'ana ba. Kafin AS ya koma AA sai an gyara harafi ɗaya, a wuri ɗaya, a tiriliyoyin ƙwayoyi. Babu abin sha da ke yin haka.

Ɗan Lab:
In ƙara wa Alhaji haske ta ɓangarenmu. Gwajin jinotaif da ake yi a yawancin ɗakunan gwaji ba DNA yake karantawa ba. Jajayen ƙwayoyin jini ma ba su da cibiya, babu DNA a cikinsu. Himogulobin ake ɗigawa a takarda a sa lantarki, himogulobin A ya yi gudunsa, S ya yi nasa, a duba layi. In ruwan aikin ya tsufa, ko ba a sa samfurin da aka san jinsinsa a gefe don kwatantawa ba, ko aka musanya kwalabe, sakamako zai fito ba daidai ba. Wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan ma jinin wani ne zai bayyana a nasa. Akwai kuma, mu faɗi gaskiya, masu rubuta abin da aka biya su su rubuta. Na sha ganin takardar AA a hannun iyayen yaro mai SS.

Ɗan Zangon Kumasi:
A sa himogulobin C a lissafi don Allah. Mu nan Gana, musamman mutanen arewacinta da na Burkina Faso, akwai masu AC da yawa. Mutum ya ga babu S a takardarsa ya ɗauka ya tsira, ya auri mai AS, su haifi SC.

Malamin Bayoloji:
Gaskiya ne, kuma abin mamaki a gurbi ɗaya suke. S shi ne GAG ya zama GTG, C kuma GAG ya zama AAG. Dalilin da S ya yawaita a yankinmu, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da shi, shi ne mai AS ya fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro tun yana yaro. Anthony Allison ya nuna haka a 1954 daga aikinsa a gabashin Afirka.

Baban Khalifa:
To amma na ji ana cewa a waje ana warkar da sikila gaba ɗaya. In ba ya canjawa, su me suke yi?

Anti Nas:
Ana yi Alhaji, amma ba da abin sha ba. Dashen ɓargo ne: a kashe ɓargon marar lafiya da magunguna masu ƙarfi, a sa masa na wani da jininsu ya dace, yawanci ɗan'uwansa na ciki ɗaya. Akwai kuma sabuwar hanya da Ingila da Amurka suka amince da ita a ƙarshen 2023, Casgevy, inda ake ciro ƙwayoyin ɓargon mutum a yi musu aiki a ɗakin bincike a mayar, kuɗinta ya haura dala miliyan 2. Kuma ko wanda aka yi wa waɗannan ya warke, jininsa ne ya canja. Maniyyinsa ko ƙwan mahaifarta suna nan da S, zai iya ba 'ya'yansa.

Ni a ɗakin yara nake aiki. Wanda bai taɓa kwana da yaro mai ciwon ƙashi na sikila ba, yana kuka ba a iya taɓa shi, bai san abin da ake gudu ba. AS da AS, kowane ciki yana da ɗaya cikin huɗu na zama SS. Kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba. Akwai gidan da uku a jere suka zo da shi. Saboda irin wannan ne Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024.

Baban Khalifa:
Maganar tana da nauyi, an riga an kai kaya. Amma zan samu ƙanin nawa yau da dare. In za a sake, me za mu ce a yi mana don kada a sake samun takarda ta uku mai wata maganar daban?

Ɗan Lab:
Ku je babban asibiti, na koyarwa ko na ƙwararru, sashen jini. Ku ce gwajin himogulobin na injin HPLC kuke so, shi yana fitar da kason A da S da C da F (himogulobin ɗin jarirai) a lambobi, ba layin da za a duba da ido ba. Su je su biyun, shi da yarinyar, a ɗebi jinin a gaban wani babba daga kowane gida, a rubuta suna a kwalba a gabansu. In an yi wa ɗayansu ƙarin jini, a jira wata uku zuwa huɗu tukuna, don jajayen ƙwayoyin jini kimanin kwana 120 suke yi. Ku tafi da tsofaffin takardun biyu ku nuna wa likitan.